Daga Tarkama Zuwa Akwatin Zaɓe a Ƙasar Arewa

A Lugu, arewa maso gabas da Dogon Dutsi a Nijar, idan Sarauniya ta rasu ba a taron shawara a kan wadda za ta gaje ta. Gawar ce ke nuna magajiyarta. Ana ɗora ta a makara, maza su saɓa a kafaɗa, matan zuriyar da ke da gadon sarautar kuma su hallara. Masu ɗauka sukan ce ba su ke tafiya da makarar ba, ita ke jan su, har ta je ta tsaya a kan mace guda. Wannan al'ada ita ake kira tarkama. Wadda abin ya faɗa wa ba ta da ta cewa: za ta sa fararen tufafi, ta shiga ɗakin sarauta, ta rabu da zirga-zirgar duniya. Haka ma ake fitar da Baura, mai sarautar Bagaji.

Mutumin yau yana iya cewa ai kafaɗun mutane ne ke juya makarar. Ko da haka ne, hikimar Gubawa, masu wannan al'ada, a fili take. Sun cire zaɓi daga bakin kowa, don kada a wayi gari wani gida yana riƙe da wani a zuci. Wa za ka kai ƙara, alhali mamaciya ce ta nuna?

Sarautar Arawa kuwa daban take. Labarin baka ya ce Ari, ɗan sarkin Barno, ya auri 'yar Baura, suka haifi Akazama, wanda daga gare shi sarakunan Arewa suka fito. Wannan sarauta ta doki ce da mashi, kuma 'ya'yan sarki sukan neme ta da yawan magoya baya, wani lokaci da yaƙi. Wanda ya rasa yakan kwashi mutanensa ya gangara Dallol Mawri ya kafa nasa gari. Matankari ta zama babbar cibiya, a kudu kuma Tibiri ta tsaya da Samnanta, wato sarkinta, inda har gobe ake ambaton Samna Karfe da yaƙe-yaƙensa na ƙarni na 19.

A watan Afrilu na 1899 rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine ta afka wa Lugu, Sarauniya Mangu da mutanenta suka tare ta da baka da kibiya. Bayan Faransawa sun kafu, sai aka sami mai zaɓe na uku, wato kumandan. Ya yanka ƙasa kanto-kanto, ya ɗora wanda zai tara masa haraji da 'yan aikin tilas, ya tuɓe wanda ya ƙi. Mazaunin mulki ya tashi daga Matankari ya koma Dogon Dutsi. A ganina nan ne babbar ɓarna ta auku, domin sarki ya fara duban fuskar wanda ya naɗa shi fiye da fuskar talakawansa, kuma wannan ciwo bai warke da samun 'yancin kai a 1960 ba.

Ƙuri'a ta shigo a hankali. Dokar Faransa ta 1956 ta ba kowane baligi, mace da namiji, damar jefa ta, amma shekarun jam'iyya ɗaya da mulkin soja sun mayar da ita ta jeka-na-yi-ka. Sai a 1993 manomin Arewa ya sake ganin takardun 'yan takara da yawa a gabansa, ya shiga bayan labule ya sa guda a ambulan, ya fito aka dangwala masa tawada a yatsa. Ranar 24 ga Yuli 2004 aka zaɓi kansiloli, su kuma suka fitar da magadan gari a kwaminoni irin su Dan Kasari, Kyece, Dumega da Gecheme.

Sarautar gargajiya ma ta bi wannan hanya. Dokar 1993, da ta 2015 da ta maye gurbinta, sun tanadi cewa masu gida ke zaɓen mai gari, masu gari kuma su zaɓi sarkin kanto daga cikin 'yan gidan sarauta, sannan gwamnati ta tabbatar. Tsari ne mai kyau a takarda. Sai dai da zarar kujera ta faɗi, 'yan takara kan fara zagayen masu gari da goro da alkawari, 'yan siyasa su tsoma hannu, wani lokaci maganar ta ƙare a gaban alƙalai a Yamai, 'yan uwa na jini su shekara ba sa gaisawa. Abin da tarkama ta yi wa magani ke nan tun farko.

Su ma zaɓaɓɓun kansilolin ba su tsira ba. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, hukumomin soja sun rusa zaɓaɓɓun majalisun kwaminoni a watan Afrilu na 2024, suka naɗa wakilan da za su riƙe su.