Ƙafafun Kayan Ɗaki da Matsalar Tsayuwa: Nazari a Kan Girgiɗi da Kifewa

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi yadda tsarin ƙafafu da madogarai ke shafar tsayuwar tebur, kujera, durowa da sif a kan daɓe iri-iri. An yi amfani da lissafin siffofi da na rinjayen nauyi, sannan aka gwama sakamakon da ƙa'idar gwaji da ake aiki da ita a Amurka. Nazarin ya gano cewa girgiɗi daban, kifewa daban, kuma sau da yawa maganin ɗaya shi ke tsananta ɗayan. Ya kuma nuna cewa shigar da ƙafafun gaba ciki da santimita 6 kacal na iya sa durowar da ke jure nauyin yaro ta faɗo masa. A ƙarshe an kawo shawarwari ga kafintoci, masu walda da hukumomi.

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa halartar jeren amarya ya ga yadda ake ƙarewa da neman kwali ko guntun falanki a cusa ƙarƙashin ƙafar sif ko gado, domin kayan sun ƙi zama daidai. Kafinta zai rantse ƙafafunsa tsawonsu ɗaya, magini kuma ya ce daɓensa ba shi da tudu. Yawanci kowannensu yana da rabin gaskiya. Abin da ba a cika lura da shi ba shi ne, sif ɗin da aka yi wa ciko ta daina rawa, amma ba ta daina zama haɗari ba.

A wannan nazari, girgiɗi na nufin rawar da abu ke yi idan ɗaya daga ƙafafunsa ba ta taɓa ƙasa. Kifewa kuwa ita ce rinjayar abu gaba ɗaya har ya faɗi. Na farko yana ɓata rai, yana zubar da shayi, yana sassauta haɗin katako a hankali. Na biyu yana kisa. Duk da haka, a wajen ciniki na farkon kawai mai saye ke gwadawa: ya dafa tebur ya girgiza, in bai motsa ba ya biya.

2.0 Hanyar Nazari

An ɗauki kowane kaya a matsayin jiki mai ƙarfi wanda ba ya lanƙwasa, sai inda aka ambaci saɓanin haka. Ma'aunai biyu aka dogara da su. Na ɗaya shi ne cibiyar nauyi, wato wurin da za a iya cewa nauyin abu duka ya taru. Na biyu shi ne filin tsayuwa, wato filin da za a samu idan aka kewaye ƙafafun da zare a ƙasa. Muddin cibiyar nauyi tana saman wannan fili, abu yana tsaye. Da zarar ta tsallake zaren, ya faɗi. Awon kayan da aka yi lissafi da su misalai ne da aka zaɓa kusa da abin da aka saba gani a kasuwa.

3.0 Ƙafa Uku da Ƙafa Huɗu

Ɗigo uku da ba su kan layi ɗaya suna fitar da shimfiɗa ɗaya tak. Wannan ne ya sa abu mai ƙafa uku ba ya girgiɗi a kan kowace irin ƙasa, kamar dai tukunya a kan duwatsun murhu. Shi ya sa ma'aunin masu safiyo da maɗorin kyamara suke da ƙafa uku. Ƙafa ta huɗu ita ce ke kawo rigima, don dole sai ta faɗo a kan shimfiɗar da ukun farko suka riga suka yanke.

To me zai hana a yi komai da ƙafa uku? Amsar tana cikin tazarar da ke tsakanin tsakiyar abu da zaren da ya kewaye ƙafafunsa. A ɗauka kowace ƙafa tana nesa da tsakiya da santimita 30, kuma an raba su daidai. Idan ƙafafun uku ne, mafi gajertar tazara zuwa zaren santimita 15 ce, rabi ke nan. Idan huɗu ne, ta kai 21. Biyar, 24. Shida, 26. Ke nan mai ƙafa uku, wanda ya fi kowa tsira daga girgiɗi, shi ya fi kowa saurin tuntsurewa idan aka jingina ta tsakanin ƙafafu biyu. Wannan jerin lambobi kuma shi ke bayyana dalilin da ya sa kujerun ofis masu taya suka tsaya a kan ƙafa biyar: daga huɗu zuwa biyar an samu ƙarin santimita 3, daga biyar zuwa shida kuwa ribar ba ta kai 2 ba, ga ƙarin ƙarfe da abin tuntuɓe.

Masu zanen kujeru a Turai sun sha wannan ja-in-ja. Alvar Aalto na ƙasar Finland ya fitar da shahararriyar kujerarsa mai ƙafa uku marar majingini a 1933, ba a jima ba aka yi mata 'yar'uwa mai ƙafa huɗu. Arne Jacobsen na Denmark ya zana wata kujera mai ƙafa uku a 1952, ya kafe a kan ukun, sai dai daga baya kamfanin da ke ƙera ta ya fito da mai huɗu. A nan gida, kujerun sassaƙa na Nupawan Bida kan zo da ƙafafu takwas ko fiye, kuma suna zama lafiya lau a kan rairayi ko daɓen ƙasa, domin ƙasar ce ke lotsawa ta karɓi kowace ƙafa. A ɗora irinsu a kan tayil mai tudu da kwari, sai labari ya sauya. Wato ba a raba hukuncin ƙafa da irin daɓen da za ta taka.

3.1 Juya Tebur

Masana lissafi sun daɗe da sanin wata dabara: idan tebur mai murabba'in ƙafafu, masu tsawo ɗaya, yana girgiɗi a kan ƙasa marar daidaito, a juya shi a inda yake, kafin a cika digiri 90 za a samu wurin da ƙafafun huɗu za su taɓa ƙasa. Martin Gardner ya yaɗa batun a mujallar Scientific American a 1973. A 2007 Baritompa, Löwen, Polster da Ross suka wallafa hujjar da ta haɗa har da teburin da tsawonsa ya fi faɗinsa, bisa sharaɗin gangaren ƙasar bai wuce kimanin digiri 35 ba, kuma ƙafafun suna da isasshen tsawo. Dabarar tana da amfani a filin biki ko tsakar gida. Amma ba ta yi alkawarin saman teburin zai miƙe sosai ba, ba ta aiki idan ƙafa ɗaya gajera ce tun asali, kuma hujjar ba ta shafi daɓen da tayil ɗaya ya ɗara wani tudu farat ɗaya ba. Uwa uba, ba wanda zai juya sif da ke jingine da bango.

3.2 Ƙafa Mai Zare

Ga abu mai ƙafa huɗu a kusurwoyi, sharaɗin rashin girgiɗi ɗaya ne: idan aka haɗa tsayin ƙafafu biyu da ke kallon juna a karkace, jimlar ta yi daidai da ta ɗaya biyun. Saboda haka ƙafa ɗaya tak mai hawa da sauka ta isa ta kashe girgiɗi. Idan kuma ana son saman ya miƙe har ruwa ya tsaya a faranti, to sai uku sun zama masu motsi.

Aikin ba shi da tsada. Noti ne ake nutsawa a gindin katako ko a walda a bakin bututun ƙarfe, a ɗaura masa ƙusa mai zare da faffaɗan kai. Mai lamba M8 tana ɗaga abu da milimita 1.25 a kowane juyi, M10 kuma 1.5, don haka da M8 ramin milimita 5 juyi huɗu ne. A ƙara noti na biyu a ɗaure, don kada ta warware. Kafintan da ke yanke ƙafa da zarto a gidan mai kaya yana gyara wa wuri ɗaya ne kawai. Ranar da aka matsar da teburin, girgiɗin ya dawo, wannan karon kuma laifin nasa ne.

Akwai hanya ta biyu, wato barin jikin kayan ya ɗan murɗe. Kujerar roba ta haya ba ta cika girgiɗi ba, domin da an zauna jikinta ke lanƙwasa har ƙafafun huɗu su sauka. Sai dai wannan laushin ne kuma ke sa ƙafafunta su baje a kan tayil mai santsi.

4.0 Kifewa

Nan ne ya kamata a fi tsayawa. A ɗauki durowa mai nauyin kilo 40 da zurfin santimita 45 daga gaba zuwa baya, cibiyar nauyinta a tsakiya. Idan ƙafafun gaba suna daidai bakin gaba, ƙarfin da ke riƙe ta shi ne 40 sau 22.5, wato 900. Yaro mai kilo 20 ya jawo aljihu ya rataya a kansa, santimita 30 daga gaban durowar: ƙarfin da ke jawo ta 20 sau 30 ne, wato 600. Durowa ta tsaya.

Yanzu a ce kafinta ya shigar da ƙafafun ciki da santimita 6, don ado ko don kada a yi tuntuɓe. Mai riƙewa ya koma 40 sau 16.5, wato 660. Mai jawowa ya zama 20 sau 36, wato 720. Katako ɗaya, yaro ɗaya, amma durowa ta faɗo. Kuma wannan lissafi ya yi wa durowar sassauci, domin a zahiri fuskar aljihuna da ƙofofi masu madubi sun fi siririn falankin baya nauyi, aljihun da aka jawo cike da kaya shi ma ya koma ɓangaren mai jawowa. Idan aka haɗa da kwalin da aka cusa a ƙafar baya, ko gefen kafet da ya ɗaga ta, an ƙara karkato ta gaba.

Sif ma haka take. Mai nauyin kilo 60, wadda tazarar cibiyar nauyinta da ƙafafun gaba santimita 20 ce, jan da bai wuce na kilo 8 ba a tsayin santimita 150 ya isa ya fara ɗaga bayanta. Ƙofar da ta cije aka fizge ta da ƙarfi na iya kai haka. Al'adar jibga akwatuna da kwalaye a saman sif kuma tana ɗaga cibiyar nauyi: daga tsayin santimita 100 zuwa 120, kusurwar da sif za ta karkata kafin ta faɗi tana raguwa daga kimanin digiri 11 zuwa 9 da rabi.

Ba hasashe ba ne. A watan Yunin 2016 kamfanin IKEA, tare da hukumar kula da lafiyar kayan masarufi ta Amurka, ya janye durowoyi miliyan 29 daga hannun jama'a bayan mutuwar ƙananan yara da irin samfurin MALM ya faɗo wa. A Disambar 2022 aka sa hannu a kan dokar STURDY a Amurka, kuma daga 1 ga Satumbar 2023 ƙa'idar ASTM F2057-23 ta zama tilas ga ma'ajiyar tufafi da ta kai tsayin inci 27, kimanin santimita 69. Daga cikin gwaje-gwajen akwai rataya nauyin fam 60, kusan kilo 27, a kan buɗaɗɗen aljihu, bayan an tokare ƙafafun baya da abu mai kaurin kusan milimita 11 a madadin kafet. Abin lura shi ne wannan tokarar: ita ce dai cikon da ake yi a ɗakin amarya ba tare da tunanin komai ba.

5.0 Tafin Ƙafa da Daɓe

Faɗin tafi shi ke yanke yadda nauyi zai ci daɓe. Kilo 100 a kan zagayayyun ƙafafu huɗu masu faɗin santimita 2 yana sauke kusan kilo 8 a kan kowane murabba'in santimita. A faɗaɗa su zuwa santimita 5, ya koma ƙasa da kilo ɗaya da rabi. Ƙafar gadon ƙarfe da aka bari bakin bututu tsirara ta fi wannan muni, don siririn gefen ne kaɗai ke ɗaukar nauyi, shi ya sa take huda ledar ɗaki ta kuma tona daɓen ƙasa.

Takalmin roba yana hana zamewa, kuma ga kujera da gajeren tebur alheri ne. Ga dogon abu kuwa, riƙon ƙasa ba ya hana faɗuwa. Abin da ya kasa zamewa idan aka ja shi daga sama, kifewa zai yi. Taya a ƙarƙashin doguwar ma'ajiya ta fi ban tsoro, domin idan ta juya ciki tana rage filin tsayuwa.

Sai batun laima. Katako yana shan ruwa ta bakin yanka fiye da ta gefe nesa ba kusa ba, kuma bakin yankan ne ke zaune a ƙasa ana goge ɗaki kullum. Allunan MDF da suka cika kasuwa in suka kumbura ba sa komawa. A Arewa, inda katako ke shan danshin damina ya kuma bushe ƙayau da hunturu, tsawon ƙafa ba ya sauyawa sosai, amma allunan da ke haɗa ƙafafun kan murɗe su ɗaga kusurwa ɗaya. Ɗan tafin roba ko na ƙarfe da zai raba katako da ƙasa yana rage wannan, yana kuma sa a ga hanyar gara da wuri.

6.0 Shawarwari

Ƙafa uku ta dace da gajeren abu da ake amfani da shi a waje, kuma a baza ta waje da mazauni. Abin da ya wuce haka a yi masa huɗu a can ƙarshen kusurwa, aƙalla ɗaya mai zare. Ga durowa da sif, kada a shigar da ƙafafun gaba ciki ko kaɗan. In za a yi ciko, a yi shi a gaba domin kayan su ɗan kwanta wajen bango, kaya masu nauyi kuma a ajiye su a ƙasa.

Ko da an yi duk wannan, babu tsarin ƙafa da zai riƙe doguwar sif marar zurfi idan yaro ya hau ta. Maganinta ƙarfen kusurwa ne ko ɗamara da za a ɗaure samanta da bango, kuma a bangon bulo aikin ramuka biyu ne. Ana kira ga hukumar kula da ingancin kayayyaki ta Najeriya (SON) da makarantun koyon sana'a da ƙungiyoyin kafintoci su sa gwajin rataya nauyi a buɗaɗɗen aljihu cikin abin da ake koyarwa ake kuma dubawa, masu gidajen haya su daina hana huda bango saboda wannan, iyayen amarya kuma kada su sallami kafinta ranar jere sai ya ɗaure sif da bango.