Runduna Bayan Runduna a Dajin Birnin Gwari

Birnin Gwari na yammacin jihar Kaduna, inda iyakokin Katsina da Zamfara da Neja suka matso kusa da juna, kuma tsohuwar hanyar da ke ɗaukar manyan motoci daga Arewa zuwa Ikko ta ratsa ta cikinsa kafin ta gangara Tegina. Dajin Kamuku, wanda Turawan mulkin mallaka suka keɓe a 1936, gwamnatin tarayya kuma ta mayar da shi gandun ƙasa a 1999, ya haura murabba'in kilomita dubu, sa'annan ya haɗe da na Kuyambana ta ɓangaren Zamfara, ta yadda mai babur zai iya yin ɓarna a jiha ɗaya, ya ɓoye ganima a ta biyu, ya kwana a ta uku, ba tare da ya hau kwalta ba. Wanda bai riƙe wannan shimfiɗar ƙasa a ransa ba zai sha wahalar gane abin da ya biyo baya.

Satar shanu da tare hanya sun daɗe a wannan daji, amma abin da ya sauya musu kama ya faro ne daga nesa. A watan Maris na 2011 jiragen ƙungiyar NATO suka fara luguden wuta a Libiya, ranar 20 ga Oktoba aka kashe Mu'ammar Gaddafi a Sirte, rumbunan makamansa suka zama na mai rabo ka ɗauka. Kafin ƙarshen Afrilun 2012 Kidal da Gao da Tambutu sun kuɓuce wa gwamnatin Mali. A farkon wannan shekarar ne kuma, bayan harin Kano na 20 ga Janairu, wasu suka ɓalle daga Boko Haram suka kira kansu Ansaru, suna zargin Abubakar Shekau da zubar da jinin Musulmi, suna jingina da reshen Alƙa'ida na Sahara. Lokacin da Faransa ta shiga Mali a Janairun 2013, Najeriya ta shirya tura dakarunta, Ansaru ta yi wa ayarinsu kwanton ɓauna a kusa da Okene, ta kashe soja biyu. Ba duk bindigogin da suka cika dazukan Arewa ne suka fito daga Libiya ba, domin da yawa an ƙwato su ne, ko an sayo su, daga rumbunan gwamnatocin yankin. Amma faɗuwar Libiya ce ta buɗe hanyoyin fataucin, ta kuma karya farashi.

Mutanen Birnin Gwari sun fara ɗanɗana sabon zamanin ne da asubahin 14 ga Oktoba, 2012, sa'ad da 'yan bindiga suka buɗe wuta a Dogon Dawa, suka kashe kimanin mutum 20, har da masu fitowa daga masallaci, a matsayin ramuwa kan 'yan sintirin garin. Daga nan aka shiga ramuwar gayya tsakanin 'yan sa-kai da mutanen daji, wadda ta ci mai laifi da marar laifi a kowane ɓangare. A 2015 gwamnonin jihohin da ke kewaye da dajin suka haɗa kuɗi aka tura soja Kamuku, aka ƙwato dubban shanu, aka yi murna. A watan Yulin 2016 Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya kakin soja ya je Ɗansadau ya ƙaddamar da farmakin Harbin Kunama. Sai dai kowane farmaki yana da iyakar jiha da iyakar wa'adi, dajin kuwa ba shi da ko ɗaya: idan aka matsa daga Zamfara sai a kwararo Kaduna, idan aka matsa daga Kaduna sai a gangara Neja, idan soja suka janye sai a dawo da fushi a kan ƙauyukan da ake zargi sun nuna hanya.

Shekarar 2018 ita ce ta bayyana tsananin lamarin. A farkon Maris Dogo Giɗe ya kashe Buharin Daji, wanda ke riƙe da akasarin dabobin Zamfara, mabiyansa suka watse ƙungiya-ƙungiya ba mai tsawata wa wani. Ranar 20 ga watan aka kashe soja 11 a garin Kamfanin Doka. Ranar 30 ga Afrilu Shugaba Buhari yana fadar White House tare da Donald Trump, inda batun jiragen yaƙi 12 samfurin Super Tucano ke cikin abin da aka tattauna. Ciniki ne da gwamnatin Obama ta jinkirta saboda ƙorafin take haƙƙin jama'a, musamman bayan jirgin sojan Najeriya ya jefa bom a sansanin 'yan gudun hijira na Rann a Janairun 2017, Trump kuma ya amince da shi. Kwana biyar bayan wannan ganawa, ranar 5 ga Mayu, aka auka wa ƙauyen Gwaska da rana tsaka, aka tattara gawa aƙalla 45, ciki har da ƙananan yara. Cikin 'yan kwanaki aka sanar da bataliya ta dindindin ga Birnin Gwari, babban hafsan sojan ƙasa Tukur Buratai ya zo da kansa ya buɗe sansani a Kamfanin Doka. Duk da haka, hanyar Kaduna ta kai matsayin da direba ba ya shigarta sai cikin ayari da rakiyar masu bindiga, manomi kuma ba ya noma gonarsa ko girbe ta sai ya biya haraji ga mutanen daji.

A cikin wannan giɓi ne Ansaru ta farfaɗo, bayan shirun da ta yi tun kama jagoranta Khalid al-Barnawi a Lokoja a Afrilun 2016. A Fabrairun 2020 'yan sanda suka kai farmaki dajin Kuduru suka ce sun kashe fiye da 250 daga cikinsu, adadin da abin da ya biyo baya bai gaskata ba. Domin kuwa shekara biyu bayan haka ƙungiyar tana wa'azi a fili a Damari da Tsohuwar Kuyello, tana auren 'yan matan yankin, tana yi wa talakawa alkawarin kare su daga 'yan fashi, wanda shi ne abin da suka fi buƙata kuma suka rasa daga hukuma. Ta sabunta mubayi'arta ga Alƙa'ida, ta hana taron siyasa a gabashin masarautar Birnin Gwari ana shirin zaɓen 2023, har Gwamna Nasir El-Rufa'i ya rubuta wa shugaban ƙasa cewa ana kafa wata gwamnati a cikin jiharsa.

Jiragen Tucano da aka yi cinikinsu sun fara isowa a Yulin 2021, aka girke su a Kainji, amma an sayar da su ne da sunan yaƙi da ta'addanci, 'yan fashin daji kuwa doka ba ta kira su da wannan suna ba tukuna. Sai a ƙarshen Nuwamba Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta ayyana su 'yan ta'adda, gwamnati ta buga hukuncin a Janairun 2022. A tsakanin haka an katse layukan waya, an hana hawan babur, an rufe kasuwannin mako, matakan da suka ƙuntata wa mai gari fiye da mai daji.

Juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli, 2023 ya zo da wata sabuwar damuwa. ECOWAS, ƙarƙashin Shugaba Bola Tinubu, ta ba Janar Abdourahamane Tiani wa'adin mako guda ya mayar da Shugaba Mohamed Bazoum kan mulki ko a yi amfani da ƙarfi. Aka rufe iyaka, aka yanke lantarki. Sanatocin Arewa da malamai suka ƙi yarda a yaƙi 'yan'uwa, yaƙin bai auku ba, amma amana ta riga ta karye. Sojan Faransa suka fice daga Nijar a Disamban 2023, na Amurka suka bar Agadas a 2024, Nijar da Mali da Burkina Faso suka kama hanyar barin ECOWAS, haɗin gwiwar tsaron iyakar da makamai ke bi ta Maraɗi zuwa Katsina da Zamfara ya yi rauni a lokacin da aka fi buƙatarsa.

A Kaduna kuwa, Gwamna Uba Sani ya zaɓi wata hanya. Bayan watanni ana tattaunawa tare da ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, Nuhu Ribadu, da masarautar Malam Zubairu Jibril Mai Gwari na Biyu, ya zo Birnin Gwari a ƙarshen Nuwamban 2024, ya karɓi rukunin farko na tubabbu, ya buɗe karar shanun da ta yi kusan shekara goma a rufe. Motoci suka koma bin hanya, manoma suka koma gonakin da suka yi shekaru ba su taka ba, ko da yake masu lura sun yi ta tambayar inda bindigogin suka shiga, tunda maƙwabtan jihohi ba su ga sauƙi ba. A watan Agustan 2025 Ribadu ya sanar da kama shugaban Ansaru, Mahmud Muhammad Usman, wanda aka sani da Abu Bara'a, tare da mataimakinsa Malam Mamuda, wanda mayaƙansa suka kafa sansani a dajin Kainji, kusa da iyakar Benin, a yankin da jiragen Tucano suke girke.