Ƙasa a Hannun Gwamna: Abin da Rusau na Kano Ya Tona Game da Dokar 1978

A ranar 29 ga Mayun 2023 aka rantsar da Abba Kabir Yusuf a matsayin gwamnan Kano, kuma kafin mako ya zagayo katafiloli sun shiga gari. An rushe gini a filin sukuwa, an rushe waɗanda aka yi a harabar tsohon otal ɗin Daula, an bi ta kan shagunan sansanin alhazai da na kewayen Filin Idi, daga baya aka kai ga gidaje a Salanta. Gwamnati ta ce filayen jama'a ne gwamnatin da ta gabace ta, ta Abdullahi Umar Ganduje, ta yanka ta rabar. Masu shagunan suka ce da kuɗinsu suka saya, kuma ga takardu ɗauke da hatimin gwamnatin jihar Kano. Muhawarar da ta biyo baya ta tsaya a kan wane gwamna ne ya yi daidai. Amma maganganun biyu za su iya zama gaskiya a lokaci guda, kuma dokar ƙasa ce ta buɗe ƙofar hakan.

Dokar Amfani da Ƙasa, wadda gwamnatin soja ta Janar Olusegun Obasanjo ta kafa a watan Maris na 1978, ta fara ne da damƙa dukkan ƙasar da ke cikin jiha a hannun gwamna, ya riƙe ta amana domin amfanin 'yan Najeriya. Daga nan ikon ya yi rassa. Gwamna ne ke ayyana inda ya zama birni. Shi ke ba da haƙƙin zama a kan fili, wanda aka saba rubuta wa wa'adin shekara 99. Sashe na 22 ya hana sayarwa ko jinginar da filin sai da amincewarsa. Sashe na 28 ya ba shi ikon soke haƙƙin saboda maslahar jama'a. In an yi saɓani kan yawan diyya, sashe na 30 ya tura maganar gaban kwamitin rabon filaye, wanda gwamnan ne ke naɗa mambobinsa. Mai bayarwa, mai karɓewa da mai naɗa waɗanda za su ƙiyasta asara, duk kujera ɗaya ce.

Ga mutumin Kudu, dokar 1978 juyin juya hali ce, domin a can ƙasa ta dangi ce da gari. Ga Arewa kuwa tsohon zance ne. Bayan kwamitin filaye na 1908, Turawan mulkin mallaka sun kafa dokar 1910 da ta sa ƙasar Arewa a ƙarƙashin gwamna, aka sabunta ta a 1916, sannan gwamnatin Jihar Arewa ta yi tata a 1962 inda ikon ya koma hannun minista. Daga wannan ta 1962 aka kwafo ginshiƙan dokar yanzu. Sai dai a wancan zamani takardar gwamnati ba ta taɓa yawancin mutane ba. Gona tana shiga hannu ta gado, ko saye, ko aro, ko jingina, dagaci da mai unguwa suna shaida, alƙali yana raba gardama. Abdullahi ɗan Fodiyo ma ya rubuta littafi sukutum, Ta'alimur Radi, kan hanyoyin da mataccen fili ke zama mallakar mutum. A wannan fahimta akwai wuraren da ba na kowa ba ne domin na kowa ne: hurumin gari, maƙabarta, burtali, filin idi. Sarki bai gaji ikon sayar da su ba, kuma jama'a sun san haka.

Dokar 1978 ba ta san wannan bambanci ba. Babu wani sashe a cikinta da ya ware filin makaranta ko na idi ya ce gwamna ba zai iya yanka shi ba. Ta kira shi mai riƙon amana, amma ba ta faɗi wanda zai bincike shi ba. A birni irin Kano, inda shago ɗaya a bakin Kantin Kwari ko Ƙofar Wambai ya fi gona mai faɗi daraja, wannan giɓi kuɗi ne tsababa. Duk gwamnatin da ta zo tana da abin rabawa wanda ba ya bi ta kasafin kuɗi, ba ya buƙatar amincewar majalisa. Wadda ta gaje ta kuma tana da ikon warwarewa da sa hannu ɗaya.

Kotuna sun yi ƙoƙarin sa wa ikon linzami. A shari'ar Osho ta 1991, Kotun Ƙoli ta nuna cewa soke haƙƙin wani domin a miƙa filin ga wani kamfani mai zaman kansa ba maslahar jama'a ba ce, kuma sokewar da ba a sanar da mai fili yadda doka ta tsara ba, ba ta zauna ba. Sashe na 44 na tsarin mulkin 1999 ya ce ba a karɓe dukiyar mutum sai da diyya cikin gaggawa da damar zuwa kotu. Waɗannan ƙa'idoji suna nan a rubuce. Matsalarsu ita ce lokaci: rushe bene aikin dare ɗaya ne, shari'a kuwa sai an yi watanni kafin a fara jin ta.

Abin da ya faru da 'yan kasuwar Filin Idi ya nuna haka. A watan Satumbar 2023 Babbar Kotun Tarayya da ke Kano, ƙarƙashin Mai Shari'a Simon Amobeda, ta yanke cewa an tauye haƙƙinsu, ta umarci gwamnatin jihar ta biya su naira biliyan 30. Da biya ya gagara, sai suka nemi kotu a Abuja ta riƙe asusun gwamnatin. A watan Disamba aka yi sulhu a kan naira biliyan 3, kashi ɗaya cikin goma na abin da kotu ta yanke. Kowane ɓangare na iya cewa ya yi nasara, amma lissafin bai yi wa kowa daɗi ba. Ɗan kasuwa ya karɓi abin da ya samu domin jira ya fi ƙarfinsa. Kuɗin kuma daga baitulmalin jiha ya fito, wato mutumin Doguwa da na Kunci, waɗanda ba su ga rabon ba balle rushewar, su ma sun biya. Babu jami'in da ya sa hannu a rabo ko a rusau da hukuncin ya taɓa aljihunsa.

Akwai hujja mai ƙarfi a ɓangaren masu goyon bayan rusau, kuma bai kamata a raina ta ba. Suna cewa in an bar duk wanda ya samu takarda ya ci bulus, to an koya wa kowace gwamnati cewa ta raba abin da ta ga dama a watanninta na ƙarshe, babu abin da zai biyo baya. Kano ta riga ta yi asarar da ba ta gyaruwa: an cinye ganuwa a wurare da dama, an cike kududdufan da ke shanye ruwan sama an yi gini a kansu, kuma unguwanni suna ganin sakamakon duk damina. Wannan gaskiya ne. Amma in rabon ya saɓa doka, akwai hanyar tabbatar da haka: a aika sanarwa, a saurari mai takarda, a kai gaban alƙali, a bayyana wanda ya ba da filin da nawa aka biya da inda kuɗin ya shiga. Rusau kafin shari'a yana binne wannan bayani tare da ɓaraguzai. Wanda ya yi rabon ya tsira daga tambaya, wanda ya saya a hannu na biyu ko na uku ya ɗauki asarar.

Illar ga tattalin arziki ta wuce shagunan da aka rushe. A kasuwar filaye ta Kano, dillali yakan fara da faɗa wa mai saye ko fulotin awon gwamnati ne ko awon igiya, kuma na gwamnati ya fi tsada saboda ana ganin takardarsa ta fi ƙarfi. In ya tabbata cewa ƙarfinta yana ƙarewa ranar da wanda ya sa mata hannu ya bar ofis, dalilin shan wahalar nemanta ya ragu. Bankuna kuma sun daɗe da koyon darasi. A shari'ar Bankin Savannah da Ajilo ta 1989, Kotun Ƙoli ta rushe jinginar gida saboda ba a nemi amincewar gwamna ba, duk da cewa mai gidan da ya jinginar ne da kansa ya kawo hujjar. Tun daga nan duk bankin da zai karɓi gida jingina sai ya lissafa jinkirin ofishin filaye da kuɗin amincewa. In aka ƙara masa da fargabar sauyin gwamnati, mai ƙaramar masana'anta a Sharaɗa ko Dakata shi zai ji a jikinsa, ko dai ruwan bashi ya ƙaru ko a hana shi gaba ɗaya.

An saba cewa ba yadda za a yi, domin sashe na 315 na tsarin mulki ya kulle dokar, ba a taɓa ta sai da kashi biyu cikin uku na majalisun tarayya da amincewar majalisun jihohi 24. Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya gwada a 2009, ya kafa kwamitin gyaran harkar filaye ƙarƙashin Farfesa Akin Mabogunje, amma gyaran dokar bai kai gaci ba. Da wuya gwamnoni su goyi bayan abin da zai rage musu iko.

Sai dai jiha ba ta rasa abin yi. Tun 2003 Kotun Ƙoli, a ƙarar da Legas ta kai gwamnatin tarayya, ta tabbatar da cewa tsara birane hurumin jiha ne. Majalisar dokokin Kano na iya yin dokar da za ta lissafa filayen makarantu, asibitoci, maƙabartu, filayen idi, ganuwa da sauran kududdufan da suka rage, ta hana canza amfaninsu sai an yi zaman jin ra'ayin jama'a kuma majalisa ta amince. Tana iya wajabta wa hukumar rajistar filaye ta KANGIS ta buɗe rajistar duk sabon rabo ga mai son dubawa, da suna da girma da farashi. Tana iya hana hukumar tsara birane ta KNUPDA rushe ginin da ke da takardar gwamnati sai da umarnin babbar kotun jiha, in ba ginin da ke barazana ga rai ba ne. Ko ɗaya daga cikin waɗannan bai karɓe ikon da dokar 1978 ta bai wa gwamna ba, sharuɗɗan tsara birni ne da na gudanar da hukumomin jiha.

Za a ce majalisar da ta yi doka tana iya soke ta, kuma Kano ta ga haka: dokar masarautu ta 2019 an shafe ta a watan Mayun 2024 cikin 'yan kwanaki. Haka ne. Amma soke doka sai an kawo ƙudiri a zauren majalisa, a gaban 'yan jarida, kuma mambobi 40 kowannensu yana da mazaɓar da zai koma ya yi wa bayani. Yanka filin makaranta a yau fayil ɗaya yake buƙata, kuma iyayen yara ba sa sani sai ranar da suka ga an sauke bulo.