Yadda Baƙin Mai Ya Tsinke, Bata Ba Ta Yarda Ba

Da hantsi, in ka tsaya a Bata ƙarƙashin gadar saman Titin Murtala Muhammad, kunnenka zai cika da ƙarar 'yan sahu da kiran yaran mota, hancinka kuma da ƙaurin baƙin mai. A wani gareji da ke bayan layin na taɓa miƙa wa bakanikena galan ɗin man da na sayo don juye. Ya ɓalle murfin, ya tsoma yatsa, ya murza, sannan ya ɗaga hannu yana kallon yadda man ke ɗiga.

"Alhaji, wannan ai ruwa ne," in ji shi. "Man ƙasar sanyi ne. A ranar Kano, in ka zuba shi, kafin ka kai Kwanar Ɗangora inji ya buga."

Na nuna masa murfin injin motar, Honda Accord ta 2003 wadda muke kira EOD, inda kamfanin ya rubuta 5W-20 ɓaro-ɓaro. Ya girgiza kai. Ya ce tun yana yaron gareji aka koya masa cewa mai kauri shi ne lafiyar mota.

Ban raina maganarsa a ranar ba, kuma har yau ban raina ta ba. Ilimi ne da aka saya da injuna masu yawa. Sai dai kowane ilimin sana'a yana da zamanin da ya haife shi, nasa ma haka.

Sunan Bata daga kantin takalma ya samo asali, na kamfanin da aka kafa a garin Zlín na ƙasar Cek a 1894, ya shigo Nijeriya a 1932. Kafin kantin, jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, aka kafa Sabon Gari bayansa da shekara biyu, kantunan Turawa da na Kwarori suka jeru ta wajen Fagge. Motocin da ke kwaso gyaɗa daga ƙauyuka zuwa bakin tasha su suka kawo sana'ar kanikanci wannan yanki, su suka kawo baƙin mai a ganga.

Shi kuma sirrin man, a gatarin jirgin ƙasa aka gano shi. A 1883 wani injiniya a Ingila, Beauchamp Tower, yana gwajin yadda gatari ke juyawa a mazauninsa. Ya huda rami a saman mazaunin don ya riƙa zuba mai. Gatarin na fara juyawa sai mai ya taso ta ramin. Ya toshe da toshiyar kwalba, man ya turo ta waje. Ya buga katako, shi ma man ya tura shi. A 1886 Osborne Reynolds ya yi lissafin abin: ƙarfe mai juyawa yana jan mai zuwa matsattsen gibi, man ya matsu har ya ɗaga ƙarfen. Ke nan a injin mai lafiya karanshaf ba ya taɓa metal ɗinsa, a kan mai yake yawo, cikin gibin da bai kai kaurin silin gashi ba. Kaurin wannan shimfiɗa ya dogara da danƙon man, da saurin juyi, da nauyin da aka ɗora. Duk gardamar da ake yi a garejojin Kano a kan wannan 'yar shimfiɗa take.

Lambobin da ke jikin galan na ƙungiyar injiniyoyin mota ta Amurka ne, SAE, wadda ta fara kafa ƙa'idar man inji a 1911. Da, lamba ɗaya ce: 30, 40, 50. A ƙasashen ƙanƙara mutum yakan zuba mai tsinkakke da hunturu, ya koma mai kauri da bazara, domin mai kauri yana daskarewa kamar man shanu, inji ya ƙi tashi. A shekarun 1950 aka yawaita amfani da sinadarin da ke hana mai tsinkewa sosai idan ya ɗau zafi, sai galan ya fito da lamba biyu. Ta farko mai W tana nuna halinsa a sanyi, ta biyu halinsa a digiri 100. Kamfanin Duckhams na Ingila ya fito da 20W-50 ɗinsa a 1956, Castrol GTX ya biyo baya a 1968. Waɗannan su ne manyan mai na lokacin, kuma a hannunsu Nijeriya ta shiga zamanin mota gadan-gadan.

A 1975 kamfanin PAN ya fara harhaɗa Fijo a Kaduna, Volkswagen ya fara Bitil a Legas. Duk wanda ya yi ƙuruciya a Kano a lokacin ya san 504: ita ce motar gwamnati, ita ce ta Alhaji, doguwarta kuma ita ce ta haya zuwa Kaduna da Jos da Maiduguri. Injinta mai kafireta ne, gibin ƙarafansa a sake, fetur yakan sulale ya gauraya da man ya tsinka shi. Bitil kuwa iska ke sanyaya ta, ba lagireto, ba ma cikakkiyar filtar mai sai 'yar raga. Irin waɗannan injuna, a zafin watan Afrilu da ya kai digiri 40, da lodi har saman rufi, SAE 40 da 20W-50 ne daidai da su. Idan injin ya tsufa ya fara hayaƙi, a ƙara kauri, ƙara ta lafa, hayaƙi ya ragu. Bakanike ya gani da idonsa sau dubu. Daga nan maganar ta zauna, maigida ya koya wa yaro, yaro ya zama maigida.

Ana wannan a Kaduna da Kano, a Amurka labari ya riga ya juya. A 1973 ƙasashen Larabawa suka hana Amurka ɗanyen mai, layi ya cika gidajen mai, farashi ya yi tashin gwauron zabi. A 1975 majalisar Amurka ta kafa doka mai tilasta wa kamfanonin mota rage shan fetur, da tara ga wanda ya gaza. Inji yana ɓarnatar da wani kaso na ƙarfinsa wajen kaɗa man cikinsa, kamar mai damun fura idan ta yi kauri. Tsinka man yana rage shan fetur da ɗan kaɗan, abin da mai mota ɗaya ba lallai ya lura ba, amma ga kamfanin da ke sayar da miliyoyin motoci kuɗi ne tsababa. Mobil 1 da ya fito a 1974 tun farko 5W-20 ne. A hankali 10W-40 ya ba 5W-30 wuri. A 2001 Ford da Honda suka koma 5W-20. Wajen 2010 Toyota ta mai da yawancin motocinta na Amurka 0W-20. SAE ta ƙara mataki na 16 a 2013, na 12 da na 8 a 2015, Camry ta 2018 ta fito da 0W-16 a murfinta.

A nan dole a ba bakanikena gaskiyarsa. Dalilin farko na tsinka mai shi ne tattalin fetur da bin doka, tsawon ran inji ya zo daga baya. Shaida kuwa, injin Toyota iri ɗaya, a Amurka littafinsa ya ce 0W-20, a Ostireliya ko ƙasashen Larabawa ya ba da zaɓi har zuwa masu kauri. Littafin Amurkan ma yana cewa mai ɗan kauri zai iya fin dacewa ga mai gudu da yawa ko mai ɗaukar kaya.

Amma ba man kaɗai aka canza aka bar inji yadda yake ba. An gyara saman ƙarafa ya yi sumul, an matse gibi, an rage kaurin ringi, an bar kafireta. Shi kansa man aka koma haɗa shi daga tataccen tushe da sinadaran da ke hana cin ƙarfe da taruwar dauɗa. Mafi muhimmanci, mai ya samu sabon aiki. Tun daga tsakiyar shekarun 1990 injuna irin na VVT-i suna amfani da matsin baƙin mai wajen juya lokacin buɗe bawul, ta wasu ƙananan hanyoyi masu raga kamar rariyar shayi. Man da ya yi kauri fiye da kima yakan yi jinkirin isa can, musamman da asuba. Kuma kada a ce ai Kano ba sanyi. Ko a digiri 40, kafin inji ya ɗumama, 20W-50 ya ninka 0W-20 kauri fiye da sau uku. Idan sun kai digiri 100, ninki biyu ne. Zafin da man ke aiki a cikinsa na injin ne, yana kusa da wannan ɗarin ko a Kano ko a Landan, in dai lagireto da fanka suna lafiya.

Waɗannan hanyoyi biyu a kasuwar gwanjo suka haɗu. Bayan tsarin tattalin arziki na SAP na 1986 naira ta faɗi, sabuwar Fijo ta fi ƙarfin ma'aikaci, sai motoci 'yan Kwatano suka cika gari, ta Maraɗi da Jibiya, har gwamnati ta hana shigo da mota ta iyakokin tudu a farkon 2017. Da farko na Turai ne, daga baya na Amurka da Kanada suka rinjaya. Mota ta yi shekara goma tana shan 5W-20 a can, ta sauka Kano da kilomita dubu ɗari da wani abu, wataƙila ma an mai da agogonta baya, juyen farko a ɗura mata 20W-50. Sau da yawa a ranar ake cire mata tamosta a haɗa fanka kai tsaye, wai don kada ta yi zafi. Wannan ya fi man ɓata mini rai, domin injin da ba ya kai zafinsa ba ya ƙone tururin ruwa da feturin da ke sauka cikin man, kuma man ba ya sakin jiki.

To, tsinkakken mai yana kare inji har tsufa? Tarihi ya ba da amsa mai kaifi biyu. Motocin tasi na Ford Crown Victoria a birnin New York sun ci dubban ɗaruruwan mil a kan 5W-20, cikin cunkoso dare da rana. A gefe guda, a Afrilun 2025 kamfanin General Motors ya kira motoci kusan 600,000 a Amurka, masu injin lita 6.2, saboda aibin ƙira a karanshaf da sandunan fistin. Waɗanda aka duba aka ga ba su lalace ba, maganin da kamfanin ya ba su shi ne a bar 0W-20 a koma 0W-40. Wato idan ƙarfe sumul ne, gibi daidai, man tsaf, siririyar shimfiɗa ta isa. Idan akwai tabo, ko gibi ya buɗe da tsufa, ko dauɗa ta shiga, kauri yana ƙara tazarar tsira. Su ma kamfanonin mai sun san haka, shi ya sa tun wajen 2000 suke sayar da na musamman ga motar da ta wuce mil 75,000, kimanin kilomita 120,000, mai ɗan ƙarin kauri da sinadarin farfaɗo da robobin da suka bushe.

Ra'ayina, bayan duk wannan, mai tsohuwar motar da littafinta ya ce 5W-20 bai yi laifi ba idan ya hau mataki ɗaya zuwa 5W-30, musamman mai doguwar tafiya da lodi. Tsallake daga 20 zuwa 50 kuwa zalunci ne ga injin da ba a ƙera shi don haka ba. Injin da ke shanye mai saboda ringinsa ya maƙale, kamar yadda aka sani a wasu Camry na 2007 zuwa 2009, kauri yana rufe hayaƙin ne kawai, ciwon na nan. Ɗan sahu da mai babur lissafinsu daban: ƙananan injunansu na son mai kauri, kuma a babur man ɗaya ne ke jiƙa kuloci, man mota tsinkakke zai sa shi santsi.

Abin da ya fi kashe injuna a Bata ba ya rubuce a jikin galan. Ƙurar hunturu tana bi ta filtar iska da aka buge aka mayar sau biyar, ta zama yashi a cikin shimfiɗar da ba ta kai silin gashi ba. Awa guda a cunkoson 'Yankura aiki ne ga inji, ko da agogo bai motsa ba. Sai kuma jabu. Matatar Kaduna da aka buɗe a 1980 ita ce kaɗai a ƙasar mai ɓangaren fitar da tushen baƙin mai, da ɗanyen man da ake sayowa daga waje. Tun da ta tsaya, shigo da tushen ake yi. Kamfanoni masu lasisi, irin Ammasco a nan Kano, suna haɗa shi da sinadarai bisa ƙa'ida. Amma akwai masu sayen tushen zalla, su zuba masa launi, su ɗura a galan na asali da aka tsinto, kuma hukumar kula da ingancin kaya, SON, ta sha kama irinsu. Abin takaici, jabun ya fi cin jarrabawar yatsa. Tushe mai nauyi ba tare da ko ɗigon sinadari ba yana da danƙo, yana jan zare, mai saye ya gyaɗa kai ya biya.

A ranar mun daidaita da bakanikena a kan 5W-30, tunda motar ta haura kilomita dubu ɗari biyu. Na aika aka sayo daga gidan mai, da sabuwar filtar iska. Ya yarda ya mayar da tamostan da wani ya cire, yana ta gunaguni. Da aka gama juye sai na ga yaronsa ya ɗauki galan ɗin da babu komai zai kai bayan shago, inda aka tara wasu masu yawa.

"Oga, wannan na waye?" na tambaya.

"Akwai masu zuwa saye, Alhaji."

Na karɓi galan ɗin, na ari wuƙar da suke yanka roba da ita, na tsaga shi daga wuya har gindi.