Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Kwame Nkrumah: Daga Kwalejin Malamai Zuwa Matattarar Injiniyoyi

A ranar 22 ga Janairu 1952 aka buɗe Kwalejin Fasaha ta Kumasi a ƙasar da Turawan mulkin mallaka ke kira Gold Coast, wato Gana ta yau, a kan filin da Sarkin Asante, Osei Agyeman Prempeh na Biyu, ya bayar. Ɗalibanta na farko, su ɗari biyu, masu koyon aikin malanta ne da aka ɗauko daga Achimota, kuma sai a watan Oktoba na wannan shekarar aka kafa sashen injiniya da na kasuwanci, sannan a 1953 aka dawo da makarantar haɗa magunguna daga asibitin Korle Bu na Akara, aka kuma buɗe sashen aikin gona.

Abin lura a shekarunta na farko shi ne yadda kwalejin ta gina kanta ta hanyar sauke abin da ba nata ba, domin a 1958 an mayar da horon malamai zuwa Winneba, a 1959 kuma sashen kasuwanci ya koma Achimota, yayin da aka buɗe makarantar zanen gine-gine da tsara birane. Wannan shawara ta dace da halin da ƙasar take ciki bayan samun 'yanci a 1957, lokacin da gwamnatin Kwame Nkrumah ta ƙuduri aniyar gina madatsar ruwa ta Akosombo da tashar jiragen ruwa ta Tema, alhali mafi yawan ƙwararrun da za su yi irin waɗannan ayyuka baƙi ne. A cikin ɗaliban wannan zamani akwai Kofi Annan, wanda daga baya ya zama babban sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya. A 1961 majalisar dokoki ta ɗaga kwalejin zuwa cikakkiyar jami'a mai ɗauke da sunan Nkrumah, aka naɗa injiniya R. P. Baffour ya shugabance ta. Juyin mulkin 24 ga Fabrairu 1966 ya sa an cire sunan, kuma bai dawo ba sai a 1998.

Aikin da ya fi cancantar a tsaya a kansa shi ne na cibiyar ba da shawarar fasaha da jami'ar ta kafa a 1972, wadda ta ɗauki ilimin ɗakin gwaji ta kai shi wurin masu sana'ar hannu. Malamanta sun taimaka wa masu yin sabulu da masaƙa da masu kiwon zuma, sannan suka buɗe wurin koyar da aiki a cikin Suame Magazine, unguwar kanikawa da maƙera da masu walda da ke Kumasi, wadda take cikin mafi girman irinta a Afirka ta Yamma. A can aka shigar da injunan sassaƙa ƙarfe da dabarar zubi, wato narka ƙarfe a zuba shi cikin mazubi ya ɗauki siffar da ake so, har masu sana'a suka riƙa ƙera faifan injin niƙa da noti da ƙusa mai zare, kayan da a da sai an shigo da su daga waje. Jami'o'in fasaha kaɗan ne a nahiyar suka yarda cewa bakanike mai baƙin mai a hannu abokin aikin farfesa ne, kuma wannan yarda ita ce ta ba wa Kumasi fifiko.

Fannonin karatu sun ci gaba da faɗaɗa, inda aka kafa makarantar likitanci a 1975, wadda ɗalibanta ke koyon aiki a asibitin koyarwa na Komfo Anokye, yayin da makarantar ma'adinai ta Tarkwa, wadda ta daɗe a ƙarƙashinta, ta zama jami'a mai cin gashin kanta a 2004. Daga 2005 aka tattara sassan cikin manyan kwalejoji shida, waɗanda suka ƙunshi injiniya, kimiyya, lafiya, noma da albarkatun ƙasa, zane da gine-gine, da ilimin zamantakewa, kuma tun 2006 Sarkin Asante, Otumfuo Osei Tutu na Biyu, ne uban jami'ar.