Ɗakin Gwaji a Shekarar Farko ta Kemistiri: Hujja daga Kanwa da Yumɓun Suleja

Duk ɗalibin da ya shiga jami'a a Nijeriya don karanta likitanci, haɗa magunguna, injiniya ko aikin gona, sai ya bi ta kan kemistiri a shekararsa ta farko. A manhajar Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, darasin ya rabu gida biyu: CHM 101 da CHM 102 na lacca ne, CHM 107 da CHM 108 kuma na ɗakin gwaji. A zangon farko ake koyar da ginin atam, da jadawalin sinadarai da Mendeleev ya tsara a 1869, da lissafin mol, da dokokin iskar gas, da asid da alkali; a na biyu a shiga sinadaran kabon da ƙarafa. Ɗan Iku ko wata unguwa ta Suleja yakan gamu da waɗannan darussa a Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna, ko a jami'ar da ke Lapai, ko a wadda ke Gwagwalada, kwalejojin ilimi da na fasaha kuma suna da makamantansu. Da yake makin aikin gwaji bai kai na lacca nauyi ba, ɗalibai da yawa suna ɗaukar sa a matsayin ɗan rakiya. Alhali a nan ne kaɗai ake koyon abin da ya mai da kemistiri kimiyya, wato awo, da tsayawa kan abin da awon ya nuna.

Tarihin fannin kansa shaida ne. Ar-Razi, a littafinsa Sirrul Asrar, ya zayyana kayan aiki da hanyoyin tacewa da narkarwa dalla-dalla. Lavoisier ya kafa ka'idar cewa nauyin abu ba ya ɓacewa idan sinadarai suka haɗu, kuma da sikeli ya kafa ta, ya bayyana ta a littafinsa na 1789. Liebig kuwa, da ya fara koyarwa a Giessen ta ƙasar Jamus a 1824, ya sa ɗalibai suka riƙa yin aikin da hannunsu kullum, kuma daga ɗakinsa salon ya bazu zuwa jami'o'in duniya.

Aikin da sabon ɗalibi ya fi yi shi ne taitireshan. Zai ɗebi santimita kubik 25 na ruwan alkali da fifet, ya zuba a kwalba, ya ɗiga launin da ke nuna sauyi, sannan ya riƙa sakin asid daga biret har launin ya juya. Zanen jikin biret yana tafiya ne da 0.1, ɗigo ɗaya kuma kusan 0.05 ne, saboda haka ɗigo biyu na ganganci sun isa su karkatar da amsa. Dole idon mai karantawa ya yi daidai da ƙasan lanƙwasar ruwan, dole a ɗauraye fifet da ruwan da za a ɗiba, dole a kori kumfar iska daga bakin biret. Ana maimaitawa har sai an sami karatu biyu ko uku da suka yi kusa da juna. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da allo zai koyar. Wanda bai taɓa wuce gona da ɗigo ɗaya ba, ya ga ruwan ya rine fiye da kima, bai san dalilin da ya sa ake rubuta 23.40 maimakon 23.4 ba.

Matsalar tana farawa tun daga sakandare. Masu rubuta jarrabawar WAEC daga waje suna amsa takarda ce a madadin gwaji, inda ake ba su lambobi su yi lissafi ba tare da sun taɓa kwalba ba. Waɗanda suka yi ta a makaranta ma, da yawa ba su ga biret ba sai ana gab da jarrabawa. A jami'a kuma, inda aji ya yi yawa, ɗalibai kan yi cincirindo a kan teburi ɗaya, mutum ɗaya ya riƙe famfon biret, saura su kwafi lamba. Mafi muni shi ne abin da ɗalibai da kansu suke kira dafa sakamako: a san amsar da ake nema, a ƙirƙiro karatu uku da za su kai ga ita. Ɗalibin da ya saba da wannan a aji ɗaya, shi ne gobe zai auna maganin yara ko ruwan sha na gari.

An saba ɗora laifin a kan ƙarancin kaya, da tsadar sinadarai, da rashin ruwa da wuta. Duk gaskiya ne. Sai dai ko da an cika ɗakin da kaya, dafa sakamako ba zai ƙare ba muddin gwajin da ake bayarwa amsarsa sananniya ce tun kafin a fara. Maganin shi ne a ba ɗalibi tambayar da malamin ma bai riga ya san amsarta ba, kuma irin wannan tambaya tana jibge a kasuwa. Kanwa misali ce. Jigonta haɗin kabonet da baikabonet na sodiyam ne, amma tana zuwa gauraye da yashi da gishiri iri-iri, kuma jar kanwa da farar kanwa da ungurnu ba ƙarfinsu ɗaya ba. Idan kowane rukuni ya auna tasa, ya narka, ya tace, ya gwada ta da asid ta hanyar launuka biyu, zai fitar da adadin kabonet da na baikabonet a cikinta. Babu wanda zai kwafi na wani, domin samfurin ya bambanta. Haka ruwan zoɓo, wanda yake ja a cikin asid ya koma kore a cikin alkali, yana iya nuna sauyi. Haka ruwan kogin Iku da na rijiyoyin unguwa, ana iya auna yawan kalsiyam da magniziyam da ke hana sabulu kumfa a cikinsu, a kwatanta na rani da na damina.

Suleja tana da hujja mafi ƙarfi a tarihinta. A farkon shekarun 1950, lokacin garin yana amsa sunan Abuja, Michael Cardew ya kafa cibiyar koyar da ginin tukwane a nan, da goyon bayan Sarki Sulaimanu Barau. Abin da ya ja shi wurin shi ne yumɓu da ruwa da itace da gwanintar matan Gbagyi. Ladi Kwali, wadda hotonta ke jikin takardar naira ashirin, ta shiga cibiyar a 1954. Aikin wurin kemistiri ne tsantsa, ko da ba a kira shi haka ba. Tukunyar gargajiya ana gasa ta a buɗaɗɗiyar wuta mai matsakaicin zafi, sai ta fito da ƙananan ƙofofi a jikinta. Ta nan ruwa ke tsatsafowa ya bushe, shi ya sa randa ke sanyaya ruwa. A tanderun cibiyar kuwa zafi yana haura digiri 1200, wani sashe na yumɓun ya narke ya toshe ƙofofin. Ƙyallin da ake shafa wa tukwanen an haɗa shi ne da tokar itace da garin duwatsu da yumɓu, sai an yi ta gwada awo daban-daban kafin a dace. Tulunan Ladi Kwali da aka gasa haka sun yi kyan da ya kai su baje koli a Landan, amma sun yi nauyi, sun kuma daina sanyaya ruwa. Cardew ya tattara ilimin da ya samu a littafinsa Pioneer Pottery na 1969, wanda babban sashensa bayani ne kan duwatsu da yumɓu da lissafin ƙyalli.

Kusan kowane babi na CHM 101 yana cikin wannan sana'a. Farin yumɓu tsantsa, bayan ya bushe sarai, yana rasa kusan kashi 14 cikin ɗari na nauyinsa idan zafi ya kai wajen digiri 500 zuwa 600, domin ruwan da ke ɗaure a ƙirarsa ya fita. Daga nan ba ya sake komawa laka. Auna shi kafin gashi da bayansa darasi ne kan mol da kan ka'idar Lavoisier a lokaci guda. A digiri 573 ƙwayar yashi tana sauya siffa ta ɗan kumbura, abin da ke sa tukunya tsagewa idan an gaggauta wuta. Ƙarfen da ke cikin ƙyalli yana ba da launin ƙasa-ƙasa idan iska ta wadata a tanderu, idan aka shaƙe ta kuma ya ba da kore-kore: bambancin karɓa da bayar da ilektron ke nan, wanda ɗalibai ke haddacewa ba su gan shi ba.

Akwai suka mai ma'ana a kan wannan ra'ayi. Wasu malamai suna ganin komawa ga kayan gida hanya ce ta yafe wa hukuma nauyin da ke kanta, kuma suna da gaskiya ta wani ɓangare. Kanwa da zoɓo suna maye gurbin samfuri ne, ba sa maye gurbin ma'auni. Ba a sanin ƙarfin kanwa sai da asid da aka riga aka tantance ƙarfinsa da tsarkakakken sinadari, da sikeli mai kyau, da ruwa tatacce. Akwai kuma abin da ba a wasa da shi: gubar dalma da ta kashe ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010, ta kuma sake ɓulla a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja a 2015, ba a gano ta da ido, sai da na'ura da ƙwararre. Tabarau da rigar kariya da ka'idar zuba asid cikin ruwa, ba ruwa cikin asid ba, su ma ba su da madadi. Abin da ake iya ragewa shi ne yawan abin da ake kashewa. Salon gwaji da ƙananan kaya, wanda aka bunƙasa a Jami'ar Witwatersrand ta Afirka ta Kudu kuma UNESCO ta yaɗa, yana aiki da 'yan ɗigo a maimakon kwalba guda, sai kowane ɗalibi ya sami nasa.

Saura batun maki. Inda ake saka wa ɗalibi gwargwadon kusancin lambarsa da ta malami, to an riga an nuna masa riba a cikin dafa sakamako. Tsarin da ya dace da gwaji irin na kanwa shi ne a duba littafin aiki da aka rubuta da biro a kan teburi, malami ya sa hannu kafin a fita, karatun da ya kauce a ja masa layi ɗaya a bar shi a gani, a kuma ba da kaso mai tsoka na makin ga bayanin da ɗalibi ya yi kan inda kuskure ya shigo da girmansa.