Ganuwar Kano da Ƙofofinta

Ganuwar Kano, wadda Kanawa suka fi kira badala, katangar ƙasa ce da ta kewaye tsohon birni. A asalin magana, badala ita ce dakalin da ke jikin ganuwa ta ciki, inda maharba ke tsayawa su yi harbi. Yau da gobe sunan ya mamaye ginin baki ɗaya.

Littafin tarihin sarakunan Kano ya nuna cewa Sarki Gijimasu, jikan Bagauda, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, shi ya ɗora harsashinta, ɗansa Tsaraki ya kammala. Ganuwar farko ta zagaye mazaunin da ke gindin Dutsen Dala. Muhammadu Rumfa (1463–1499), mai kasuwar Kurmi da gidan sarautar da ake kira da sunansa, ya faɗaɗa ta. A ƙarni na 17 Muhammadu Nazaki ya ƙara mata faɗi.

Hikimar ginin ta fi girmansa ban sha'awa. An ɗora shi da tubali da jar ƙasa, gindi da kauri, sama da tsini. A waje aka haƙa rami, aka bar ƙaya ta cika shi, don doki ya kasa kusantowa. Ƙofofin matsattsu ne, wasu an shigar da su ciki yadda duk mai son fasa ƙyaure zai kasance ƙarƙashin kibiya ta dama da hagu. A da kowace ƙofa tana da Sarkin Ƙofa, mai rufe ta da faɗuwar rana, ya buɗe da asuba. Kuma ganuwar ta haɗa da gonaki da kududdufai da Goron Dutse, domin idan abokan gaba sun yi wa gari ƙawanya, mutanen ciki su samu ci da sha. A da, bayan kowace damina akan yi gayya a yaɓe inda ruwa ya zaizaye.

Ba kullum ta tsare garin ba. Kwararrafawa sun shiga Kano a ƙarni na 17. A ranar 3 ga Fabrairun 1903 kuma, sojojin Ingila ƙarƙashin Kanar Morland suka shigo ta Ƙofar Kabuga da igwa, lokacin Sarki Alu yana hanyar Sakkwato. Daga nan aikinta na yaƙi ya ƙare, gayyar gyara ta mutu, masu ɗiban ƙasa da masu gine-gine suka yi ta cin ta a hankali. Abin takaici, wurare da dama yanzu sai tudu kawai ake gani.

Abin da ya saura shi ne ɗaliban makarantu da sauran masu ziyara ke zuwa gani. Yawanci sukan fara da Gidan Makama, inda aka adana ƙyamaren wasu tsofaffin ƙofofi, su tsaya a marinar Ƙofar Mata su ga masu rini suna tsoma yadi a baba, sannan su hau Dala, su hangi layin ganuwar tsakanin rufin gidaje. A 2007 aka sanya ganuwar da wuraren da ke tare da ita a jerin share fage na wuraren tarihin duniya na UNESCO.